Hans Peter Luhn: Ɗan Mai Ɗab'in Da Ya Sa Wa Lambobi Mai Gadi

Duk mai katin ATM a aljihu ya ciro shi ya dubi doguwar lambar nan da ke jikinsa. Ƙwayar ƙarshe ta lambar, wadda ke can hannun dama, lissafo ta aka yi daga sauran 'yan uwanta, kuma aikinta ɗaya ne tak: ta tona asiri idan an yi kuskure wajen rubuta su. Shi ya sa idan kana biyan kuɗin makaranta ta intanet, yatsanka ya zame ka danna 6 maimakon 5, shafin ke iya ce maka lambar ba daidai take ba tun kafin ya tuntuɓi banki. Haka kuma idan ka danna *#06# a wayarka, lambar IMEI mai ƙwaya 15 za ta fito, ita ma ta ƙarshenta mai gadi ce. Dabarar lissafin da ake bi a duka biyun ta wani Bajamushe ce mai suna Hans Peter Luhn, wanda ya mutu tun 1964.

Na zaɓi in kawo tarihinsa a wannan fitowar ne saboda lokacin furojet ya kama. Da yawa daga cikinmu 'yan ajin ƙarshe muna rubuta manhajar shago, ko ta laburare, ko ta kyamis, ko ta katin shaidar ɗalibai, kuma kusan dukkansu suna buƙatar bakod, wato zanen nan na baƙaƙen layuka da ke jikin kwalin kaya. Abin da yakan kunyata mutum ranar kare furojet sau da yawa ɗan ƙarami ne: sifili ɗaya ya faɗi daga gaban lamba, sikana ta yi ƙara, allo ya ce babu wannan kaya. Luhn ya ƙare rayuwarsa yana tunanin yadda lamba ke lalacewa a hanya. In mun san abin da ya gyara, za mu gane abin da ya rage a wuyanmu.

Daga gidan ɗab'i zuwa masaƙa

An haifi Luhn, wanda ake furta sunansa kamar Lun, ranar 1 ga Yulin 1896 a garin Barmen na ƙasar Jamus. Yanzu garin ya zama wani ɓangare na birnin Wuppertal. Barmen gari ne na masaƙu da marina, can ne ma aka haifi Friedrich Engels, abokin Karl Marx, wanda iyayensa masu masaƙa ne. Amma shi mahaifin Luhn, Johann, sana'arsa ɗab'i. Da yaron ya gama sakandare sai ya tafi Suwizalan don ya koyi sana'ar ya dawo ya kama wa gida.

Mu da muka tashi da firinta ba za mu gane wahalar ɗab'in wancan zamani ba. Mai koyo yakan fara ne da jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu, kuma a juye suke kamar rubutu a madubi. Kurakuran da suka fi addabar mai wannan aiki iri biyu ne. Ko dai ya ɗauko harafin da ba shi ba, ko kuma ya musanya haruffa biyu da ke maƙwabtaka, na gaba ya koma baya. In ba a gano ba kafin a kunna inji, kuskure ɗaya ya zama kwafi dubu. Ku riƙe waɗannan kurakurai biyu a zuciya, don za mu sake haɗuwa da su bayan shekara arba'in. Ni dai a ganina, yaron da ya tashi a gidan da ake duba rubutu harafi-harafi kafin a buga ba zai taɓa yarda da lamba haka kawai ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka fara a 1914, shi ya katse masa koyon ɗab'in. Ya yi aikin soja a rundunar Jamus a matsayin jami'in sadarwa. Bayan yaƙi bai koma ɗab'i ba, sai ya shiga harkar masaƙu, kuma ita ce ta kai shi Amurka a 1924. Can ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

A masaƙa ne ya fara nuna irin ƙwaƙwalwarsa. Ingancin yadi yana da alaƙa da yawan zaren da ke cikin kowane inci, kuma hanyar da aka sani ita ce mutum ya ɗauki gilashin ƙara girma ya duƙufa yana ƙirga zare ɗaya-ɗaya. Ido ya gaji, lissafi ya ɓace, a sake daga farko. Luhn ya ƙera wani ɗan faranti mai kama da rula, garai-garai ana ganin abin da ke ƙasansa, an zana masa siraran layuka masu matsowa kusa da juna. In ka ɗora shi a kan yadi, layukan farantin da zaren yadin sai su haɗu su fitar da wani zane kamar inuwa, inda zanen ya nuna kuma nan ne adadin zaren. Ya sa masa suna Lunometer, kuma bai daina amfani ba bayan mutuwar mai shi. Daga baya ya buɗe kamfaninsa na ba da shawara kan aikin injiniya, H. P. Luhn & Associates, ya ci gaba da ƙirƙire-ƙirƙire iri-iri, har da rigar ruwa mai naɗewa. Kafin ya bar duniya ya mallaki takardun haƙƙin ƙirƙira sama da 80.

Ya shiga IBM yana da shekara 45

A 1941 Luhn ya kama aiki da kamfanin IBM a matsayin babban injiniyan bincike. Ku lura da shekarunsa: 45. Duk abin da duniya ke tuna shi da shi a yau bayan wannan shekarun ya yi shi. Wannan kaɗai ya isa ya kwantar da hankalin wanda ke ganin ya makara don yana difloma sa'o'insa suna digiri.

IBM ta lokacin ba kwamfuta irin tamu take sayarwa ba. Kasuwarta injunan kati mai huji ne. Kowane kati yana da gurabe 80 a jere, ana huda rami a kowane gurbi don nuna ƙwayar lamba ko harafi. A wannan tsari dole a yanke tun farko cewa, misali, gurbi na 1 zuwa na 6 na lambar ma'aikaci ne, na 7 zuwa na 12 na albashi. In lambar ma'aikacin 123 ce, akan cike guraben gaba da sifili ta zama 000123, don injin tantancewa gurbi-gurbi yake bi. Ma'aikatan wancan zamani sun san tsawon lamba wani ɓangare ne na lambar. Mu ne da muka samu kwamfuta mai sauƙin kai muka manta.

A 1947 wasu masana biyu, James Perry da Malcolm Dyson, suka kawo wa IBM matsala. Suna son hanyar da inji zai nemo sinadarai daga tarin katunan da aka rubuta bayanansu cikin alamomi. Aka miƙa wa Luhn aikin, ya ƙera na'urar da ke bin katunan tana ware waɗanda suka dace. Daga nan ya faɗa fagen da ya zama nasa, wato yadda za a adana bayani a kuma nemo shi da sauri. Har ya zama shugaban sashen binciken wannan fanni a kamfanin.

A watan Janairun 1953 ya rubuta wata takarda ta cikin gida wadda masana tarihin kwamfuta ke ɗauka a matsayin mafarin abin da ake kira hashin. Ga yadda abin yake. A ce ofishin rijistara yana da fayil dubu goma, ana neman naka. Maimakon a bi su ɗaya bayan ɗaya, sai a tanadi akwatuna, a yi wani ɗan lissafi a kan lambar rijistarka, amsar ta faɗi akwatin da fayil ɗinka zai zauna. Ranar nema a sake wannan lissafin a tafi kai tsaye. In fayil biyu sun faɗa akwati ɗaya, a jera su a sarƙe, a duba 'yan kaɗan ɗin nan kawai. Duk wanda ya taɓa amfani da dict a Python ya ci moriyar wannan tunani ko bai sani ba.

Mai gadin lambobi

Ranar 6 ga Janairun 1954 Luhn ya shigar da takardar neman haƙƙin wata 'yar na'ura ta hannu, mai aiki da ƙarafa ba da lantarki ba, wadda ke tantance ko an kwafi lamba daidai. An ba shi haƙƙin ranar 23 ga Agustan 1960, mai lamba 2,950,048. Na'urar ta shuɗe, amma lissafin da ke cikinta yana nan daram. Ku ɗauko biro mu gwada.

A ce lambarmu 4815 ce. Za mu fara daga dama, mu ninka ƙwaya ɗaya sau biyu, mu tsallake ta kusa da ita, mu ninka ta gaba, haka har ƙarshe. Idan ninkin ya wuce 9, sai mu tara ƙwayoyinsa biyu. To, 5 ta zama 10, wato 1 da 0, ta koma 1. Ita 1 tana nan yadda take. 8 ta zama 16, wato 1 da 6, ta koma 7. Ita ma 4 tana nan. Jimla: 1 da 1 da 7 da 4, sun ba da 13. Me za a ƙara wa 13 ta kai goma-goma cif? 7, don ta zama 20. To 7 ce mai gadi, cikakkiyar lambar kuma 48157.

Yanzu a ce mai buga lamba ya rubuta 48167. Wannan 6 in an ninka ta zama 12, ta koma 3, jimla ta zama 22. Ba ta ƙare da sifili ba, an kama ɓarawo. A ce kuma ya musanya biyun farko ya rubuta 84157. Jimla ta zama 25, nan ma an kama. Kun tuna kurakurai biyu na gidan ɗab'i? Su ne dai. Dabarar tana kama duk kuskuren ƙwaya ɗaya, tana kuma kama kusan duk musanyar maƙwabta. Wadda ke kuɓuce mata ita ce musanya 09 da 90. Kuma a sani, wannan gadi na kuskure ne kawai. Ba ya hana ɗan damfara, don kowa na iya yin lissafin.

Shekarar 1958 ita ce ganiyarsa. A watan Afrilu mujallar bincike ta IBM ta buga takardarsa kan yadda kwamfuta za ta taƙaita rubutu da kanta: ta ƙirga kalmomin da suka fi maimaituwa, ta watsar da ƙananan kalmomin haɗi, ta zaɓo jimlolin da muhimman kalmomin suka taru a ciki. A watan Oktoba ya fitar da wata kan tsarin da zai riƙa tura wa kowane ma'aikaci sabbin takardun da suka shafi aikinsa ba tare da ya nema ba, kusan abin da wayoyinmu ke yi mana yau da labarai. A watan Nuwamba kuma, a wani babban taron ƙasa da ƙasa kan bayanan kimiyya a birnin Washinton, ya nuna tsarin fihirisa da ake kira KWIC, inda inji ke jera muhimman kalmomin taken takardu bisa tsarin abacada, kowace kalma tare da na gabanta da na bayanta. Ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka ta ɗauki tsarin a farkon shekarun 1960 don fitar da jerin sabbin takardun bincike.

Ya yi ritaya daga IBM a 1961. A ƙarshen rayuwarsa ya shugabanci ƙungiyar masana adana bayanai ta Amurka. Sankarar jini ce ta yi ajalinsa ranar 19 ga Agustan 1964, yana da shekara 68.

Bakod ya zo bayansa

Luhn bai ga bakod a shago ba. Waɗanda suka fara tunaninsa su ne Norman Joseph Woodland da Bernard Silver, suka samu haƙƙin ƙirƙira a 1952, kuma nasu zanen da'ira ne cikin da'ira. Sai a 1973 'yan kasuwar kayan masarufi na Amurka suka amince da tsarin UPC mai tsayayyun layuka, wanda wani injiniyan IBM, George Laurer, ya tsara. Ranar 26 ga Yunin 1974 aka fara karanta shi da sikana a wani shago a garin Troy na jihar Ohio, a jikin fakitin cingam na Wrigley's. Shekara goma ke nan bayan mutuwar Luhn.

UPC yana da ƙwaya 12. Wanda muka fi gani a nan, EAN-13, yana da 13, kuma kayan da aka yi wa rijista a Nijeriya lambarsu kan fara da 615. A duka biyun ƙwayar ƙarshe mai gadi ce. Lissafin ya ɗan bambanta da na Luhn, amma dangi ɗaya ne. A EAN-13 ana ɗaukar ƙwayoyi 12 na farko daga hagu, ta farko a bar ta, ta biyu a ninka sau uku, ta uku a bar ta, ta huɗu a ninka sau uku, a tara, a nemo abin da zai cike goma-goma.

Mu gwada da lambar da ta fara da 20, domin 20 zuwa 29 an ware su ne don shago ya yi amfani da su a cikin gida, kuma su ya kamata mai furojet ya ɗauka maimakon ya ari lambar kamfanin wani. Kaya na 123 zai zama 200000000123. Waɗanda ake bari sun ba da 4, waɗanda ake ninkawa sun ba da 4 sau uku, wato 12, jimla 16, mai gadi 4. Cikakkiyar lamba 2000000001234. Kaya na gaba fa? Wanda ya yi gaggawa zai ƙara 1 a kan wannan ya samu 2000000001235, kuma lambar banza ce, ba za ta wuce tantancewa ba. Daidai shi ne a ƙara 1 a kan 123 ta zama 124, a sake lissafin mai gadi, a samu 2000000001241. Mai gadi ba ya cikin layin ƙirga.

Inda mai gadi ke barci

Nan ne gizo ke saƙar. Ku koma kan 48157, ku sa mata sifili biyu a gaba ta zama 0048157, ku sake lissafin Luhn. Jimla 20 ce dai. Sifili ko an ninka shi sifili ne, kuma tunda daga dama ake farawa, sifilin gaba ba ya motsa kowa daga gurbinsa. Haka ma a bakod: in ka sa sifili a gaban lambar UPC mai ƙwaya 12, ta zama EAN-13 ingantacciya, mai gadinta bai canja ba. Ma'ana, in manhaja ta haɗiye sifilin gaba, mai gadi ba zai ce uffan ba. An ɗauke shi aiki ne don ya kama zamewar yatsan mutum. Ɓarnar da manhaja ke yi cikin natsuwa, iri ɗaya kowane lokaci, ta fi ƙarfinsa.

Kuma manhaja na yin ɓarnar ne saboda ba a gaya mata bambancin adadi da suna ba. Naira 50 da naira 050 kuɗi ɗaya ne. Amma lambar waya, lambar asusun banki mai ƙwaya 10, da lambar bakod, duk sunaye ne da aka rubuta da ƙwayoyin lissafi. Ba wanda ke tara lambar wayarsa da ta abokinsa. Kowane wakilin aji da ya taɓa zuba lambobin waya a Excel ya ga yadda 080 ke komawa 80.

Lokacin da nake SIWES a wani babban shagon magani na ga abin da wannan ke jawowa. An fitar da jerin kaya daga manhajar shagon zuwa Excel don a gyara farashi, aka mayar. Washegari da safe sikana na karanta kwali, allo na cewa babu. Layi ya yi tsawo, mai neman maganin yaro na ta faɗa, aka fara zargin yarinyar da ke kan kanta cewa ita ta taɓa wani abu, har da maganar cire mata daga albashi. Sai wajen azahar aka gano cewa a jikin kwali lambar na da sifili biyu a gaba, a rumbun bayanai kuma sun ɓace. Baiwar Allah ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Akwai wanda ya fi wannan haɗari. A ce manhajarka na haɗa lambar rukuni da lambar kaya. Rukuni na 1, kaya na 23, ya ba da 123. Rukuni na 12, kaya na 3, shi ma ya ba da 123. Kaya biyu sun samu suna ɗaya, kuma mai gadinsu zai fito daidai, tunda a kan gurɓatacciyar lambar aka lissafa shi. A shagon biskit asarar kuɗi ce kawai. A kyamis kuwa, magani biyu masu suna ɗaya a kwamfuta magana ce ta rai. Da an cike gurabe, ɗaya 01023 ne, ɗaya 12003.

Sauran tarkunan su ma sanannu ne. Excel na mayar da lamba mai ƙwaya 12 ko fiye zuwa wani abu kamar 6.15E+12, kuma in ka adana fayil ɗin CSV a haka, sauran ƙwayoyin sun tafi ke nan. Ba ya riƙe fiye da ƙwaya 15 na adadi, saboda haka a lambar kati mai 16, ta ƙarshe yake mayarwa sifili, wato mai gadin Luhn ɗin kansa yake kashewa. Nau'in int na yau da kullum a Java iyakarsa 2,147,483,647, ƙwaya 10 ke nan, lambar EAN-13 ba za ta shiga ba. A C da Java, in ka rubuta 010 a cikin kod, takwas suke karantawa ba goma ba. In kuma aka jera lambobin da ba a cike musu gurabe ba a matsayin rubutu, 10 kan zo kafin 9, sai manhajar da ke neman lamba mafi girma don ta ƙara 1 ta tsaya a 9, ta yi ta haifar 10 sau da sau.

Abin da ya rage a wuyanmu

Maganin ba shi da tsada, kuma ma'aikatan kati mai huji sun san shi tun kafin a haifi iyayenmu. Na farko, ka yanke tsawon lambarka tun kafin ka rubuta layin kod ko ɗaya, ka kuma bar sarari. In ka ba lambar kaya gurabe uku, ranar da kaya na 1000 ya zo komai zai rushe, don haka ka sa manhajar ta tsaya ta yi kuka idan gurabe sun cika, kada ta wuce shiru.

Na biyu, ka raba mai ƙirga da lambar bakod. Mai ƙirga adadi ne, shi ake ƙara wa 1, kuma gara rumbun bayanai ya riƙa bayar da shi da kansa don kada kwamfuta biyu su ɗauki lamba ɗaya a lokaci guda. Lambar bakod kuwa rubutu ce, a haka za a adana ta, a haka za a tura ta, a haka za a kwatanta ta.

Na uku, ka bi tsari: ƙara 1, cike gaba da sifili, haɗa sassa, sannan lissafin mai gadi a ƙarshe. Kowane yare na da kayan cikewa. Python na da zfill, PHP na da str_pad, JavaScript na da padStart.

Na huɗu, wajen karɓar lamba ka duba abu biyu, tsawo da mai gadi. Tsawo ne ke kama sifilin da ya faɗi, mai gadi ya kama yatsan da ya zame. Ka kuma sa wa rumbun bayanai dokar hana maimaita lamba. In dole sai an bi ta Excel, a mayar da layin lambobin rubutu tun wajen shigo da fayil.

Na biyar, ka yi gwaji a bakin iyaka: daga 9 zuwa 10, daga 99 zuwa 100, daga 999 zuwa 1000. Sannan ka buga a takarda ka karanta da sikana ta gaske ko da kyamarar waya, ka ga ko abin da ta karanta shi ne ke cikin rumbu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kar ka bari sai gaban malamai.

Abin da ya fi burge ni a rayuwar Luhn shi ne bai taɓa raina ƙaramin aiki ba. Ƙirga zaren yadi, kwafar lamba, jera taken takardu, duk ayyuka ne da manya ke bar wa yara da akawu. Shi kuwa ya dube su ya tambayi inda mutum ke gajiya ya yi kuskure, ya ƙera abin da zai tare wurin. Mu masu difloma irin wannan aiki ne ke jiranmu a shaguna da asibitoci da ma'aikatu, kuma wanda zai sha wahalar sifilin da muka bari ya faɗi yawanci ƙaramin ma'aikaci ne da ba shi da bakin kare kansa. Allah ya ba mu sa'ar furojet, ya sa mu gama lafiya.